Yadda ake tsayar da kisan rubdugu a kasuwa da ƙauye, da yadda ake bi da jini idan ya zuba

A watan Maris na 2025, cikin azumi, aka tare mafarauta a garin Uromi na jihar Edo suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah a gida. Aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe mutum 16 ba tare da an kai ko ɗaya gaban alƙali ba. Arewa gaba ɗaya ta yi Allah wadai, kuma hakan ya dace. A watan Agustan 2016 kuwa, a nan Talata Mafara ta jihar Zamfara, an zargi wani ɗalibi da ɓatanci aka yi masa duka, wani bawan Allah ya ɗauke shi zuwa asibiti, sai taro ya juya kan mai taimakon aka banka wa gidansa wuta, mutum 8 suka mutu. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi kukan Uromi, in ka kawo musu zancen Mafara sai su fara "ai ka san", "ai su suka ja". Haka kuma idan aka jawo Bafulatani daga kan babur ranar kasuwa aka kashe shi don an kai hari ƙauyen da ke kusa a daren jiya.

Alƙur'ani ya riga ya siffanta wannan hali. A Suratul Baƙara, aya ta 84 da ta 85, Allah Ya tuna wa Banu Isra'ila alkawarin da suka ɗauka cewa ba za su zubar da jinin juna ba, sai ga su suna kashe junansu suna korar wasu daga gidajensu, amma idan aka kama nasu sai su zo da fansa suna cewa addini ya ce a fanshe su. Aka tambaye su: kuna imani da wani sashe na Littafi, kuna kafirce wa wani? Haramcin rai guda ɗaya ne. Wanda yake tuna shi ranar da aka kashe nasa, ya manta shi ranar da nasa suka yi kisa, ƙabilarsa yake bi.

Bayanin da ke tafe na limamai ne, da masu unguwa da dagatai, da sarakunan kasuwa da na tasha, da shugabannin 'yan sa-kai da askarawa (jami'an tsaron al'umma na jihar) da 'yan kabu-kabu, domin su ne ke wurin kafin motar 'yan sanda ta iso, in ma za ta iso.

Abin da ake shiryawa tun ana zaune lafiya

Ba a hana rubdugu da dabarar da aka ƙirƙira bayan an ji ihu. A kowace kasuwar mako da kowane gari mai dagaci, a ware mutum 6 zuwa 8 waɗanda kowa ya san fuskarsu: liman ko na'ibinsa, mai unguwa, sarkin kasuwa, sarkin pawa, shugaban 'yan kabu-kabu, shugaban 'yan sa-kai, da ardo ko wakilinsa. In akwai Kiristoci ko baƙi a garin, a sa dattijonsu. Sarkin pawa ba don ado aka sa shi ba: wuƙaƙen kasuwa a hannun yaransa suke, kuma maganarsa suke ji. Ardo kuma idan babu shi a ciki, to kwamitin na ɓangare ɗaya ne, kuma Fulani za su karanta shi haka tun ranar farko.

Sai a zaɓi ɗakin da za a ajiye wanda aka kama. Ya zama ginin siminti mai ƙofar ƙarfe, rufin kwano ko kankare, nesa da masu sayar da fetur, kuma mota ko babur na iya zuwa bayansa. Ofishin kasuwa ko zauren hakimi sun fi. Kada ya zama gidan wani mutum da iyalinsa ke ciki; abin da ya faru a Mafara ya isa dalili. Makullin ya zama biyu, a hannun mutum biyu daban.

A zauna da 'yan bumburutu da masu faci a yi yarjejeniya da su: da zarar an ji ihun "ɓarawo" ko "infoma" (mai kai wa ɓarayin daji bayani), galan ya shiga ɗaki, tsofaffin tayoyi su shiga shago, a rufe. Wanda ya ba da fetur ko taya a irin wannan lokaci ya san cewa sunansa zai shiga takarda tare da waɗanda suka yi dukan. Wannan ƙaramin mataki ne, amma mutumin da aka yi wa duka sau da yawa yakan rayu in an kai shi asibiti, wanda aka zuba wa fetur kuwa da wuya.

Kowane ɗan kwamiti ya ajiye lambar DPO, da ta kwamandan sojoji ko askarawan yankin, da ta hakimi. Akwai lambar gaggawa ta 112, sai dai ƙauyuka da dama ba su da sabis, kuma mun ga yadda aka rufe layukan waya a duk jihar a watan Satumbar 2021. Saboda haka a tanadi ɗan kabu-kabu guda ɗaya sananne, da man da aka riga aka biya, wanda aikinsa kawai ya kai saƙo.

Huɗuba da karatun dare

Liman shi ne ke da aikin da ya fi kowanne nauyi, kuma a nan aka fi yin kure. Yawancin limamai sun karanta wa jama'a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, cewa wanda ya kashe rai ba don ya kashe wani ba, ba don ɓarna a ƙasa ba, kamar ya kashe mutane duka ne. Jama'a sukan gyaɗa kai, kowa yana ganin da ɓarayin daji ake. Huɗubar da aka yi ta a dunƙule ba ta taɓa kowa. Dole liman ya kama sunan aikin: yanka wanda aka ɗaure haramun ne, ƙona mutum haramun ne, kashe ɗan rugar da ba a kama shi da komai ba haramun ne, ko da an kashe maka ɗa jiya.

Ga jerin da ya fi shiga, a raba shi Juma'a uku ko huɗu. A fara da aya ta 93 ta Suratun Nisa'i, wadda ta tara wa mai kashe mumini da gangan Jahannama da fushin Allah da la'ana da azaba mai girma, a haɗa da hadisin da ya ce farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama shi ne jini. Juma'a ta gaba a kawo labarin Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya yi kalmar shahada, yana ganin tsoro ne ya sa shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaitawa har Usamatu ya yi fatan da ma ranar ya musulunta. Usamatu masoyin Annabi ne, kuma wanda ya kashe ɗin ya fito yaƙi ne da makami. In ba a karɓi zatonsa ba, ina ga zaton wanda ya ga lambar waya a cikin wayar wani? Sai a zo kan wanda ba Musulmi ba, da hadisin Bukhari cewa wanda ya kashe ɗan amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, alhali ana jin ƙanshinta daga tafiyar shekara 40. A rufe da aya ta 8 ta Ma'ida, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, da ta 164 ta An'am, ba mai ɗaukar laifin wani.

Abu biyu ke ɓata irin wannan huɗuba. Na farko, yin ta sai bayan an kashe namu. Jama'a sun iya lissafi, sun san ranar da Malam ya yi shiru. Na biyu, kalmar "amma" a ƙarshe: kisa haramun ne, amma su ma su daina kaza. Mai sauraro yakan jefar da abin da ya gabaci "amma" ya riƙe abin da ya biyo ta. In akwai laifin ɗaya ɓangaren da ya kamata a faɗa, a ba shi ranarsa daban.

Akwai tambayar da za a yi wa liman a ƙofar masallaci, kuma gara ya riga mai tambayar: "Allah gafarta Malam, to mu zauna a zo a kashe mu?" Amsa ita ce a'a. A cikin Sahihu Muslim wani ya tambayi Annabi game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, aka ce kada ya ba shi, in ɗan fashin ya yaƙe shi shi ma ya yaƙe shi, in an kashe shi shahidi ne, in shi ya kashe ɗan fashin to ɗan fashin yana wuta. Kare gari lokacin da ake harbi halal ne a shari'a, kuma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda da kare kai da dukiya gwargwadon bukata. Iyakar ita ce wannan: da zarar mutum ya faɗi, ko ya jefar da makami, ko an ɗaure shi, kariyar kai ta ƙare, abin da ya rage hukunci ne, hukunci kuma na alƙali ne. Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba cewa ƙisasi da haddi hukuma ce ke tsayar da su.

Lokacin da aka ji ihu

Mintunan farko su ne komai. Taro yakan fara da mari da zagi, sannan sanda, sannan dutse, sannan wani ya yi kiran fetur. Tsakanin mari da dutse ake iya ƙwato mutum cikin sauƙi.

Kada mutum ɗaya ya shiga shi kaɗai, komai girmansa. A shiga aƙalla mutum 4, babba a gaba. A wuce kai tsaye zuwa ga wanda ake duka, a zaunar da shi ƙasa, a kewaye shi, baya gare shi, fuska ga jama'a, kafaɗa na taɓa kafaɗa. A ce masa ya yi shiru, kuma a riƙe shi kada ya gudu. Gudu na mayar da masu kallo su zama masu bi, kuma roƙo ko rantsuwar da zai yi ba abin da take ƙarawa sai hayaniya. In da hali babba ya yafa masa rigarsa ko rawaninsa. Mutane sukan ji nauyin dukan rigar liman.

Maganar farko ita ce ake yawan kuskurewa. Kada a ce "ba shi da laifi", domin ba a sani ba, kuma taro zai ce an haɗa baki da shi. Kada kuma a ce "ku bari mu za mu gama da shi", domin ƙarya ce da za a nemi a cika ta da dare. Abin da ake cewa shi ne: "Yana hannunmu. Ba inda za shi. Duk mai shaida ya biyo mu ofis ya faɗa a rubuta." Wannan magana ta ba jama'a abin yi, kuma ta tace masu shaida daga masu zuga, don mai zuga ba ya son a rubuta sunansa.

Sannan a fara kiran suna. A cikin taro kowa na jin ba a san shi ba, shi ya sa wanda ba ya iya yanka kaza yake ɗaukar dutse. Mai unguwa ya dubi na gaba-gaba ya kira shi da sunansa da na mahaifinsa: "Kai wane ɗan wane, ajiye sandar nan, na gan ka." Masu tunzurawa ba su da yawa, sauran 'yan kallo ne. A ba mafi zafin cikinsu aiki, a ce ya je ya kira sarkin kasuwa ko ya tsare ƙofar ofis. An fitar da shi daga tsakiya ba tare da an kunyata shi ba. Wani ɗan kwamiti kuma ya janye mai ƙarar, wanda aka yi wa satar ko ya fara ihun, zuwa gefe ya saurare shi. Muddin yana tsaye yana kuka a gaban jama'a, wutar ba ta mutuwa.

'Yan sa-kai da askarawa su rataya bindigoginsu, kada su harba sama. Ƙarar bindiga a kasuwar Zamfara yau ma'anarta ɗaya ce a kunnen mutane: ɓarayi sun shigo. Za a yi turmutsutsu, a tattake yara, kuma a cikin ruɗanin wani zai soki wanda aka kama. Lasifikar masallaci ma a yi hankali da ita. Ana iya kiran jama'a da ita su natsu su koma rumfunansu, amma kada a ambaci zargin, don wanda bai ji ba sai ya ji ya taho.

Da an sami sarari a tafi da shi a cikin da'irar nan, da tafiya ba da gudu ba, zuwa ɗakin da aka tanada. Babba ya zauna a bakin ƙofa. Kada a buɗe don wani ya "gan shi kawai", kada a bari a ɗauki hotonsa. Hoton da ya shiga WhatsApp da Facebook yakan tara taro na biyu wanda ya fi na farko girma, kuma in daga baya aka gane ba shi ne ba, hoton ya riga ya kashe shi a wani gari.

Zarge-zargen ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na sata ya fi sauƙin kashewa: a ƙwato kayan a nuna wa mai su, rabin taron zai watse. Na infoma ya fi wuya, domin kowa a wurin yana da wanda aka sace masa ko aka kashe. Nan ake bukatar aya ta 6 ta Hujurat, in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Lambar ɗan bindiga a cikin wayar mutum ba hujja ba ce ita kaɗai, domin wanda ya kai kuɗin fansar ƙaninsa yana da ita, manomin da aka ɗora wa garinsu haraji yana da ita, wani lokacin ma dagacin da aka tilasta wa sasanci yana da ita. Kuma sanannen abu ne cewa wasu na jefa wannan zargi kan wanda suke rikicin gona ko bashi ko neman aure da shi. A tambayi mai zargi abu uku: me ka gani da idonka, yaushe, wa ke tare da kai? A kashe wayar wanda ake zargi, a sa ta a ambulan, a rufe a gaban shaidu biyu. In kowa ya dinga latsa ta, ta tashi daga zama shaida.

Zargin ɓatanci shi ne mafi haɗari, don yana hana mai hankali magana, kowa na tsoron a ce ba ya kishin Annabi. A nan liman ne kaɗai zai iya tsayawa, kuma ya faɗa da ƙarfi cewa Zamfara na da kotunan shari'ar Musulunci masu hurumin laifuka tun shekarar 2000, cewa magana irin wannan sai da shaidu adilai a gaban alƙali, kuma Annabin da ake cewa ana karewa shi ne ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Kada a sa mai zargi ya maimaita abin da ya ce ya ji a gaban jama'a. A fitar da wanda ake zargi daga garin gaba ɗaya cikin sa'a guda, sannan a sa masu gadi a gidan danginsa da shagonsa da gidan duk wanda ya taimake shi har kwana biyu ko uku.

Miƙa shi ga hukuma, da ƙorafin "ai sakinsa za su yi"

Doka ta ba kowane ɗan ƙasa damar kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Ba ta ba shi damar tsarewa kwana da kwanaki ba, balle duka. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta gallaza wa wanda aka kama, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, sashe na 35 na tsarin mulki kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu.

Kafin a miƙa, a rubuta takarda kwafi biyu: sunansa da garinsu, rana da lokacin da aka kama shi, inda aka kama shi, abin da aka samu a jikinsa ɗaya bayan ɗaya har da kuɗi, raunukan da ke jikinsa, da sunayen shaidu. Jami'in da ya karɓa ya sa hannu, a riƙe kwafi ɗaya a ba hakimi.

Ƙorafin cewa ana kai ɓarawo yau a gan shi a gari jibi gaskiya ne a lokuta da dama, kuma wanda ya musa shi ya rasa amincewar jama'a. Wani lokacin cin hanci ne. Amma sau da yawa shari'ar daga hannunmu take mutuwa: shaidu sun ƙi zuwa, kayan da aka kama an raba ko sun ɓata, ikirarin da aka samo kuma da bulala aka samo shi, alhali dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ta yi watsi da ikirarin da aka tilasta. Wanda ya doki ɓarawo har ya amsa laifi, shi ya buɗe masa ƙofar fita. Maganin shi ne a naɗa mutum biyu masu bin shari'ar. Su san sunan ɗan sandan da ke bincike, su san ranar da aka tura fayil sashen binciken manyan laifuka a Gusau, da ranar da ya tafi Ma'aikatar Shari'a don neman shawara, da ranar zaman kotu. Laifin kisa da fashi da makami ba a ba da belinsu a caji ofis. In aka ga an saki mai irin wannan tuhuma, hakimi ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda da kwafin takardar nan. Shaidun da ke tsoron ramuwa, kuma tsoronsu na da dalili, a kai su ba da bayani ba a ranar kasuwa ba, ba a cikin ayari ba.

Idan jini ya zuba

In da sauran numfashi, a danna tsumma mai tsabta a kan inda jini ke fita a riƙe da ƙarfi ba ɗagawa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Wanda aka buga a kai kada a ba shi ruwa, a kwantar da shi ta gefe. Ƙuna a yi ta zuba mata ruwa mai sanyi kamar minti 20, ba man goge baki, ba manja, ba ɗanyen ƙwai. Dokar kula da masu raunin harbi ta 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

In ya rasu, a rufe gawar, a sanar da 'yan sanda da danginsa. Musulmi ne, a yi masa wanka da salla a binne shi a maƙabartar gari ko da tuhumar da ake masa gaskiya ce. Ko wanda alƙali ya zartar wa haddi ana masa salla. Ba Musulmi ba ne, a miƙa shi ga danginsa da mutunci. A daren nan kuma hakimi ya tura tawaga zuwa ga dangin, musamman in 'yan ruga ne, don harin ramuwa yakan faɗa kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Jama'a su san matsayinsu a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi. Yawan masu kisa ba ya raba laifin ya zama ƙanana. Sayyidina Umar ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya a San'a, ya ce da duk mutanen San'a ne suka haɗu a kansa da ya kashe su duka. Wanda ya riƙe don a kashe, a wurin Malikiyya, hukuncinsa na mai kisa ne. Kisa yana tabbata da shaidun maza biyu adilai, ko ikirari ba tilas, ko rantsuwar ƙasama, wato rantsuwa 50 daga magada idan akwai alama mai ƙarfi, kamar shaida ɗaya adili ko mamacin ya ce kafin ya cika "jinina yana wurin wane". Don haka in mai rauni yana magana, a kira mutum biyu su ji.

Bayan ya tabbata, magada na da zaɓi kamar yadda aya ta 178 ta Baƙara ta nuna: ƙisasi ta hannun hukuma, ko karɓar diyya, ko yafewa. In ɗaya daga cikin 'ya'ya maza ya yafe, ƙisasi ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Wanda aka yafe wa a kisan ganganci ba ya tafiya haka nan, ana masa bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Kisan yaudara kuwa, a ja mutum da dabara zuwa inda babu mai ceto a kashe shi, babu yafiya a cikinsa, ko da wanda aka kashe ba Musulmi ba ne. Aya ta 33 ta Isra'i ta ba waliyyin mamaci iko amma ta hana shi wuce gona da iri: ba a kashe biyu saboda wanda mutum ɗaya ya kashe, ba a kashe ƙanin mai laifi don ba a sami mai laifin ba.

Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinarin zinari 1,000, ko dirhamin azurfa 12,000. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, saboda haka diyya giram 4,250 ce ta zinari. Hanya mafi sauƙin sanin ta da naira ita ce a ɗauki nisabin zakkar zinari da hukumar zakka ta fitar a lokacin, wanda dinari 20 ne, a ninka shi sau 50. Diyyar kisan kuskure dangin mai kisa na wajen uba ne ke haɗa ta, a biya cikin shekara 3, shi kuma ya yi kaffarar azumin wata biyu a jere. Ta ganganci daga dukiyarsa shi kaɗai take fita, kuma ana iya daidaitawa a kan abin da magada suka yarda da shi.

A wajen sulhu ake cin amanar marayu. Manya sukan taru a zaure, a karanta ayar yafiya, a matsa wa baffan mamaci da "a bar wa Allah", ya ce ya yafe, a shafa fatiha, alhali matar tana takaba ta wata huɗu da kwana goma ba wanda ya tambaye ta, yaran kuma ƙanana ne. In mai kisan ɗan gari ne mai dangi, yafiya ake wa wa'azi. In baƙo ne, ƙisasi ake wa wa'azi. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci: matar na da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, kuma baffa ba shi da ikon yafe rabon maraya. Kada a yi zaman sulhu a kwanakin zaman makoki, lokacin da dangi ba sa iya cewa a'a. A bari a gama karɓar gaisuwa, a kira kowane magaji baligi, mace ko namiji, a ji ta bakinsa shi kaɗai. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi da adadi da ranakun biya da sunan mai lamuni, a kai gaban alƙali ya tabbatar, don sulhun zaure ba ya rufe shari'ar kisa a wurin gwamnati. Rabon yara a sa shi a asusun banki da sunansu, ko a sayi gona ko shanu a rubuta a gaban alƙalin, a ajiye kwafin takardar a wurin uwarsu da wurin hakimi.